Kufcewar Fitsari a Wajen Mata da Horar da Tsokar Ƙasan Ƙugu

 Shirin yau na iyaye mata ne, amma maigidan da ke kusa da rediyo kada ya murɗa tasha, akwai rabonsa a gaba. Batun shi ne fitsarin da ke kufce wa mace ba da sonta ba, da kuma wani motsa jiki wanda ba a sayensa a kemis, ba a biyan ko kwabo, wanda kuma likitoci suka sa a sahun farko na maganin matsalar.

Duk mai lura a gidan biki ko gidan suna ya san alamun, ko da bai san ma'anarsu ba. Ana cikin raha sai ka ga wata ta haɗe cinyoyi kafin ta saki dariya, can kuma ta miƙe a hankali, ta ja mayafi ta rufe bayanta, ta nufi banɗaki. Wata idan za ta yi tafiya daga Kano zuwa Kaduna, tun daren jiya ta daina shan ruwa. Wata kullum da ƙunzugu take yini alhali ba al'ada take yi ba. Wata dattijuwa ta daina zuwa tafsiri da azumi, wata ta koma kujerar bakin ƙofa a coci, kuma ba wanda suka gaya wa dalili. Idan magana ta ɓulla tsakanin aminai, amsa biyu aka fi ji: "Ai haihuwa ta gaji haka," ko kuma "Sanyi ne ya kama ki."

Abin ya fi yawa fiye da yadda shirun mata ke nunawa. Yawancin binciken da aka yi a ƙasashe daban-daban ya nuna cewa tsakanin kashi 25 zuwa 45 cikin 100 na mata manya suna samun kufcewar fitsari, wasu ɗigo kaɗan jefi-jefi, wasu har sai sun canza zane.

Kafin a yi nisa, akwai bambancin da ya wajaba a fayyace. A ƙasar Hausa, da an ce mace ba ta riƙe fitsari, hankali sai ya tafi ga yoyon fitsari. Yoyon fitsari rami ne da ke buɗewa tsakanin mafitsara da gaban mace, galibi bayan doguwar naƙuda, lokacin da kan jariri ya daɗe yana danne naman wurin har ya mutu. Mai shi fitsari na zuba mata dare da rana, tana zaune ko tana kwance, ba ruwansa da tari ko dariya. Motsa jiki ba ya toshe wannan rami, galibi sai tiyata. Don haka aka kafa cibiyoyi irin su Babbar Ruga a Katsina, inda likita ɗan ƙasar Holan, Kees Waaldijk, ya fara wannan aiki tun a shekarun 1980, da cibiyar Laure a Asibitin Murtala da ke Kano, da ta Ningi a Jihar Bauchi, da ta Danja kusa da Maraɗi, wadda aka buɗe a 2012. Macen da ke jiƙe kullum tun bayan wata haihuwa mai wuya, hanyarta ke nan, kuma da wuri ya fi.

Wanda shirin yau ya dosa daban ne. Babu rami, galibi tsokar da ke rufe ƙofar mafitsara ce ta yi rauni. Iri na farko shi ne wanda fitsari ke tsalle ya fito idan ciki ya matsu: tari, atishawa, dariya, ɗaga bokitin ruwa, sunkuyawa a ɗauki yaro. Iri na biyu shi ne wanda fitsari ke matsar mace farat ɗaya, kafin ta ɗauki buta ta kai banɗaki ya riga ta. Mata da yawa, musamman waɗanda suka manyanta, suna da duka biyun a haɗe.

(Kiɗan tsakani)

To, mece ce wannan tsoka, kuma a ina take? A can ƙasan ƙashin ƙugu akwai wata shimfiɗar tsoka da ta taso daga ƙashin da ke saman gaba ta tafi har ƙashin wutsiya a baya. A kanta mafitsara da mahaifa da ƙarshen hanji suke zaune. Aikinta kamar na majanyi ne ga goyo: idan an ɗaure shi tamau yaro na zaune daram ko uwa na gudu, idan ya saki sai goyo ya fara zamewa ƙasa. Hanyoyi uku ne suka ratsa ta cikin wannan tsoka, wato hanyar fitsari, da gaba, da dubura. Duk lokacin da mace ta yi tari, nauyin ciki na faɗowa kan mafitsara, ita kuma tsokar sai ta ɗame nan take ta matse hanyar fitsari. Mafitsara na iya ɗaukar kusan rabin lita, hanyar fitsarin mace kuwa ba ta wuce santimita 4 ba, alhali ta namiji ta kai wajen santimita 20. Wannan gajarta na cikin dalilan da suka sa mata suka fi maza shan wahalar abin.

Ciki da haihuwa su ne kan gaba wajen raunata tsokar. Wata tara tana ɗauke da nauyin da ke ƙaruwa kullum, sannan ranar haihuwa ta buɗe don kan jariri ya wuce. A 2004 masu bincike a Jami'ar Michigan ta Amurka sun ƙididdige cewa wani sashe na tsokar yana miƙewa fiye da ninki uku na tsawonsa a wannan lokaci. Idan aka tuna cewa binciken lafiya na ƙasa da aka yi a Najeriya a 2018 ya nuna mace a yankin Arewa maso Yamma na haihuwar 'ya'ya kusan bakwai a rayuwarta, sau da yawa kuma a kusa da juna, za a ga irin aikin da tsokar ke sha ba tare da ta samu sararin farfaɗowa ba. Sai kuma abubuwan yau da kullum da ke ƙara mata nauyi: ƙiba, taurin bayan gida da yawan yunƙuri a masai, tarin da ya ƙi warkewa irin wanda hayaƙin itace ke jawowa, da ɗaukar kaya masu nauyi tun jego bai yi nisa ba. Bayan ɗaukewar al'ada kuma sinadarin da ke ƙarfafa naman wurin yana raguwa, shi ya sa abin da ya lafa shekaru da yawa yake dawowa da girma.

A nan ne kuɗin mata da yawa ke salwanta. Wadda aka ce wa sanyi ne sai ta nufi kemis ta sayi maganin kashe ƙwayoyin cuta, ta sha, ta sake saye, fitsari bai daina kufcewa ba. Gaskiya ne ciwon sanyin mafitsara na sa yawan fitsari da zafi, amma gwajin fitsari ne ke tabbatar da shi, kuma maganinsa ba ya ƙara wa tsoka ƙarfi. Haka zaman ruwan bagaruwa da kayan matsin da ake tallatawa a kasuwa da waya. Iyakarsu fatar sama, su busar da ita ta ɗan takura na wani lokaci, wasu ma su ƙona wurin ko su buɗe wa cuta hanya. Tsokar tana can ciki, kuma kamar kowace tsoka a jiki, aiki ne kaɗai ke gina ta.

Wannan fahimta ba ta yau ba ce. A 1936 wata 'yar Birtaniya, Margaret Morris, wadda ta haɗa sana'ar rawa da ilimin gashi da motsa jiki, ta wallafa littafi kan motsa jikin masu ciki da masu jego, a ciki ta koyar da matse wannan tsoka da sakinta. Amma wanda sunansa ya bi abin shi ne Arnold Kegel, likitan mata a birnin Los Angeles, wanda ya wallafa sakamakon aikinsa a 1948. Kegel ya ƙera wata 'yar na'ura, roba mai iska da ake sa wa a gaban mace, an haɗa ta da ma'auni mai allura. Idan mace ta matse daidai sai ta ga allurar ta motsa. Da wannan yake koya wa mata, yana kuma bin su mako-mako yana auna ci gabansu.

Bayansa an gwada abin sau da yawa. A 2018 ƙungiyar Cochrane, mai tace sakamakon bincike-binciken likitanci, ta haɗa gwaje-gwaje 31 da aka yi kan mata 1,817, ƙarƙashin jagorancin Chantale Dumoulin ta Jami'ar Montreal a Kanada. A cikin masu kufcewar fitsari ta tari da atishawa, kashi 56 cikin 100 na waɗanda suka yi motsa jikin sun ce sun warke, alhali a cikin waɗanda ba su yi ba kashi 6 ne kacal. Ita ma hukumar NICE, mai tsara wa likitocin Ingila ƙa'idojin magani, ta ce a fara da wannan horo na aƙalla wata uku kafin a yi zancen tiyata. A Faransa kuwa inshorar lafiya ta gwamnati ce ke biya wa mai jego kuɗin zuwa koyon sa wurin ungozoma ko ma'aikacin gashi.

(Kiɗan tsakani)

Yanzu ga yadda ake yi, kuma mai sauraron da ke zaune ita kaɗai tana iya gwadawa tana ji.

Matakin farko shi ne gano tsokar, nan ne kuma aka fi yin kuskure. A wani bincike da aka wallafa a Amurka a 1991, an yi wa mata 47 bayani da baki sannan aka auna abin da suka yi. Rabinsu ne kawai suka matse yadda ya kamata, kashi ɗaya cikin huɗu kuwa yunƙuri suka yi zuwa ƙasa, abin da zai iya ƙara matsalar. Don haka a kula da kyau. Mace ta fara zuwa banɗaki ta sauke mafitsara, sannan ta kwanta rigingine a tabarma ko katifa, ta lanƙwasa gwiwoyi, tafin ƙafa a ƙasa, ta saki jiki. Sai ta ɗauka tana cikin mutane iska na son kufce mata ta baya, ta matse dubura don ta riƙe. Tana riƙe da wannan, sai ta ƙara da matse gaba kamar mai son tsayar da fitsari, ta ja duka biyun sama zuwa ciki. Abin da ya kamata ta ji shi ne matsewa da ɗagawa. Idan ta saki kuma ta ji wurin ya sauka ya huta.

Ta ɗora hannu ɗaya a kan cikinta. Idan cikin ya ƙame ya turo waje, ko ɗuwawu sun ɗaga daga tabarma, ko cinyoyi sun haɗe, ko ta tsinci kanta tana riƙe numfashi, to wata tsokar ce ke aikin. Ƙirgawa da baki a bayyane tana taimakawa, domin mai ƙirgawa ba ta iya riƙe numfashi. Wadda ke son tabbaci tana iya wanke hannu ta sa yatsa ɗaya a gabanta, idan ta matse za ta ji an riƙe yatsan an ɗan ja shi ciki. Tsayar da fitsari ana tsakiyar yi yana iya nuna wa mace inda tsokar take, amma sau ɗaya ya isa. Mayar da shi al'ada yana hana mafitsara sauke duk abin da ke cikinta.

Idan an gano tsokar, horon kashi biyu ne. Akwai doguwar matsa: a matse, a ɗaga, a riƙe, a saki, a huta daidai tsawon lokacin da aka riƙe. A farkon farawa wata ba za ta wuce daƙiƙa biyu ko uku ba tsokar ta saki da kanta, kuma wannan ba abin damuwa ba ne, daga nan ake tashi. Mako bayan mako tana ƙara daƙiƙa ɗaya har ta kai goma. Ana yin wannan sau takwas zuwa goma a zama ɗaya. Sai gajeriyar matsa: a matse da ƙarfi a saki nan take, sau goma a jere. Ta farko tana koya wa tsokar juriya, ta biyu tana koya mata saurin kamawa lokacin da atishawa ta zo ba sallama. Duka biyun ba su cin minti biyar, ana kuma yin su sau uku a rana. Idan an ƙware a kwance sai a koma yi a zaune, daga baya a tsaye, tunda a tsaye fitsarin ya fi kufcewa.

Babban abokin gabar wannan magani mantuwa ce. Waɗanda suka ci riba galibi sun liƙa shi ne da wani abin da ba ya wuce su: bayan sallar asuba da azahar da lisha, ko duk lokacin da aka zauna shayar da jariri, ko lokacin jiran tukunya ta tafasa. Ba wanda zai gane ana yi, ko a cikin a-daidaita-sahu ne. Sauyi kuma ba ya zuwa a mako guda. Yawanci sai an yi mako shida zuwa goma sha biyu kafin a ga bambanci sosai, kuma idan an samu sauƙi ba a dainawa gaba ɗaya, ana ci gaba ko da sau ɗaya ne a rana, don tsokar da aka bari tana komawa gidan jiya.

Akwai kuma wata dabara da ke ba da sakamako tun kafin tsokar ta yi ƙarfi. Da mace ta ji tari ko atishawa na tahowa, ko za ta ɗaga tulu, sai ta riga shi matsewa, ta riƙe har ya wuce. A 1998 Janis Miller da abokan aikinta a Jami'ar Michigan sun koya wa wasu dattawan mata wannan dabara, bayan mako ɗaya suka auna. Fitsarin da ke zuba da matsakaicin tari ya ragu da kashi 98 cikin 100, na tari mai ƙarfi kuma ya ragu da kashi 73.

Ita kuwa wadda fitsari ke matsa farat ɗaya, gudu zuwa banɗaki yana ƙara tunzura mafitsara. Abin da ake koya mata shi ne ta tsaya cik ko ta zauna, ta yi gajeriyar matsa sau biyar ko shida, ta jira matsin ya lafa, sannan ta tafi a natse. Ana haɗa wannan da horar da mafitsara na aƙalla mako shida: idan ta saba zuwa duk bayan awa ɗaya, sai ta riƙa ƙara minti goma sha biyar a hankali har tazarar ta kai awa uku. Ta kuma duba abin da take ci da sha. Goro, da shayi mai kauri, da kofi, da lemon kwalba baƙi duk suna ɗauke da sinadarin kafin, mai tsokanar mafitsara. Ƙin shan ruwa kuwa ba mafita ba ne, domin fitsarin da ya yi kauri ya fi damun mafitsara, ya fi wari, ga shi kuma yana jawo taurin bayan gida. A sha ruwa da rana yadda ya kamata, a rage shi idan an kusa kwanciya.

Rage ƙiba ma yana da tasirin da aka auna. A wani gwaji da aka wallafa a Amurka a 2009 kan mata 338 masu ƙiba, waɗanda suka rage kusan kashi 8 cikin 100 na nauyinsu a wata shida sun ga yawan kufcewar ya ragu da kashi 47, sauran kuwa da kashi 28. Ganye irin su zogale da alayyafo, da wake, da gwanda, suna tausasa bayan gida su rage yunƙuri. Mai ciki da lafiyarta ƙalau tana iya fara motsa jikin tun cikin yana ƙarami, kuma bincike ya nuna hakan na rage yiwuwar kufcewar fitsari a ƙarshen ciki da watannin farko bayan haihuwa. Mai jego ma tana iya farawa a hankali cikin kwanakin farko idan ba ta jin zafi, ko da tiyata aka yi mata, tunda nauyin cikin kansa ya riga ya gajiyar da tsokar.

Ta fuskar ibada, malaman fiƙihu sun san wannan lalura tun da daɗewa, suna kiranta salisul bauli, kuma littafin Risala da ake karantawa a zaurukanmu ya yi magana kan alwalar mai fama da ita. Akwai sassauci a cikin hukuncin. Macen da ta ƙaurace wa sallar jam'i ko makarantar Islamiyya saboda kokwanton tsarki, ta tambayi malamarta yadda hukuncin ya shafi halin da take ciki, tana kuma neman magani a lokaci guda.

Sai dai akwai alamun da ba a tsayawa motsa jiki a kansu, asibiti ake nufa kai tsaye: jini a fitsari, wanda a yankunan da ake wanka a rafi da madatsun ruwa yana iya zama tsargiya; zafin fitsari da zazzaɓi; jin wani abu na saukowa ko leƙowa ta gaba; wahalar fitar fitsari; yawan ƙishirwa da yawan fitsari tare da rama, wanda ke iya nuna ciwon suga; da kuma zubar da ba ta tsayawa dare da rana. Wadda ke fama da ciwon mara mai daɗewa ko jin zafi wajen saduwa, ita ma a fara duba ta, domin wani lokaci tsokar a ƙame take, sakinta ake bukata kafin ƙarfafa ta.

Wadda ta yi wata uku tana horon ba ta ga sauyi ba, kada ta ce abin ya ƙi ta. Sau da yawa matsar ce ba ta daidaita ba, kuma ma'aikaciyar jinya ko ungozoma ko ƙwararriya a sashen gashi da motsa jiki tana iya gyara mata a zama ɗaya. Manyan asibitoci irin su Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika suna da wannan sashe, kuma mace tana da damar neman mace 'yar'uwarta ta duba ta. Idan horo bai wadatar ba akwai sauran matakai: zoben roba da ake sa wa a gaba ya tallafi mafitsara, magungunan kwantar da mafitsara mai yawan matsi, da tiyata a ƙarshe.

Ga rabon maigida da aka ambata tun farko. Izinin zuwa asibiti da kuɗin mota galibi a hannunsa suke, haka kuma shi ne zai iya sa a ɗauke wa mai jego ɗibar ruwa da daka har jikinta ya dawo. Ita kuma uwargida, kafin ranar ganin likita, ta samu takarda ta rubuta, ko wata 'yarta ta rubuta mata, na tsawon kwana uku: sau nawa ta je fitsari, me ta sha da yawansa, sau nawa ya kufce, kuma me take yi a lokacin. Wannan takarda ita ce za ta nuna wa likita irin matsalar da matakin da ya dace a fara da shi.

Nan shirin na yau ya kawo ƙarshe.